Jagora Kan Sabunta Na'urorin UV Masu Kashe Ƙwayoyin Cuta a Matatar Gurɓataccen Ruwa

Na'urorin UV, wato masu fitilun da ke ba da hasken ultraviolet wanda ido ba ya gani, da ke kashe ƙwayoyin cuta a ƙarshen matatar gurɓataccen ruwa ba sa lalacewa rana ɗaya. Sukan fara da cin wuta fiye da kima, sai kayan gyaransu su yi wuyar samu saboda kamfanin da ya ƙera su ya daina yin irinsu, daga nan kuma sakamakon gwaji ya riƙa haura iyakar da hukuma ta gindaya duk lokacin da aka yi ruwan sama mai ƙarfi. A wannan gaɓar ce shugabannin matata kan yanke shawarar sabuntawa, kuma abin da yawancinsu ke fara yi shi ne kiran masu sayar da fitilu. Wannan mataki ne da ya kamata ya zo kusan ƙarshe. Aikin daga ruwa yake farawa, domin halin ruwan da ke isowa gaban fitilun shi ke yanke yawan fitilun da za a saya, da irinsu, da wutar da za su ci tsawon shekarun da za su yi suna aiki.

Dalilin haka yana cikin yadda hasken yake aiki. Hasken da ake amfani da shi na ɓangaren UV-C ne, mai tsawon zango tsakanin nanomita 200 zuwa 280, kuma fitilar zaiba mai ƙaramin matsi tana fitar da kusan dukkan haskenta mai amfani a nanomita 254. Idan wannan haske ya shiga jikin bakteriya ko bairas, yakan lalata DNA ko RNA ɗinta, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan gadonta, ta yadda ba za ta iya hayayyafa ba, wadda kuwa ba ta hayayyafa ba ta iya haddasa cuta. Babu wani sinadari da ke saura a cikin ruwan ya ci gaba da aiki a gaba, kamar yadda kulorin ke yi. Duk abin da zai faru, a cikin 'yan daƙiƙun da ruwa ke wucewa tsakanin fitilun zai faru, kuma ƙwayar cutar da haske bai riska ba ta tsira ke nan. Ana auna abin da ruwan ya samu da kason haske, wato ƙarfin haske a ninka da tsawon lokaci, ana rubuta shi da mJ/cm², wato milijul a kowace murabba'in santimita.

Mataki na farko: a fayyace abin da ake so a cimma

A ɗauko takardar izinin zubar da ruwa ta matatar a karanta ta da natsuwa. Ana buƙatar sanin wace ƙwayar cuta ce ake ƙirgawa, E. coli ce ko ayarin kolifom na bahaya ko enterokokai, domin ba juriya ɗaya gare su ba. Ana kuma buƙatar sanin yadda ake lissafin iyakar: matsakaici na wata ne, ko akwai iyakar da samfuri ɗaya tak bai kamata ya wuce ba. Iyakar samfuri ɗaya ta fi tsanani ƙwarai, tunda rana guda mara kyau ta isa ta jawo wa matata tuhuma, kuma ita ce ke tilasta a ƙera na'ura don mafi munin yanayi.

Sannan a tambayi hukumar da ke ba da izinin ko akwai sauyin da ke tafe, a kuma tambayi masu matatar ko suna da niyyar sake amfani da ruwan. Tazarar da ke tsakanin zubar da ruwa a kogi da sake amfani da shi babba ce. A Amurka ma'aunin da aka daɗe ana bi don ruwan daɗi da mutane ke iyo a ciki shi ne E. coli 126 a cikin mililita 100, alhali dokar Tarayyar Turai ta 2020 kan sake amfani da ruwa wajen ban ruwa ta sa iyakar rukuni mafi inganci a kan E. coli 10 kacal. Idan ruwan da ke shigowa yana ɗauke da 100,000 a mililita 100, isa ga 126 yana nufin kashe kusan 999 cikin kowane 1,000, isa ga 10 kuwa yana nufin kashe 9,999 cikin 10,000. A takarda bambancin lamba ɗaya ce, amma a magudana yana iya zama ƙarin matattarar tacewa sukutum.

Mataki na biyu: a auna ruwan, a kuma daɗe ana auna shi

Wannan matakin ne ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi gajartawa saboda gaggawa. Abu na farko da za a auna shi ne ratsawar haske, wadda ake taƙaitawa da UVT: kashi nawa cikin 100 na hasken nanomita 254 ke iya ratsa ruwa mai kaurin santimita ɗaya. Ruwan da ya fito daga matakin tacewa na biyu, inda ƙananan halittu ke cinye ƙazantar ruwan, yakan faɗa tsakanin kashi 55 zuwa 70. Ido ba ya gane wannan, domin ruwa yana iya zama garau a cikin kwalba amma yana shanye hasken UV saboda narkakkun sinadarai.

Lissafi ɗan kaɗan zai nuna nauyin lamarin. A ruwa mai ratsawa kashi 65, hasken da ya rage bayan santimita ɗaya kashi 65 ne, bayan santimita biyu ya koma kashi 42, bayan uku ya zama kashi 27. A ruwa mai ratsawa kashi 55 kuwa, lambobin su ne 55, da 30, da 17. Ke nan a wurin da ya fi nisa da fitilu, inda dama ƙwayoyin cuta suka fi samun damar zillewa, raguwar maki goma a ratsawa ta cinye fiye da sulusin hasken. Ƙara fitilu a irin wannan ruwa kamar ƙara hasken mota ne a cikin hazo: wuta za ta ƙone, amma abin da ake gani ba zai ƙaru da yawa ba.

Saboda haka awo ɗaya ko biyu ba su wadatar ba. Abin da ya dace shi ne a tara bayanan da suka ratsa dukkan yanayin shekara, da lokacin ruwan sama da lokacin da babu shi, da safe da yamma, da ranakun da masana'antun da ke zubar da ruwansu cikin magudanar gari ke aiki da ranakun hutunsu. Na'urar awon ratsawa da ake dasawa a cikin magudana ta fi dacewa, amma ko ƙaramar ta hannu ta isa idan aka lizimci awo kullum. Ba a ƙera na'ura a kan matsakaicin abin da aka samu. Ana ɗaukar ƙima daga ƙasan jadawalin, irin wadda ruwan ba ya faɗuwa ƙasa da ita sai nadiran, sannan a duba ko munanan ranakun ratsawa suna haɗuwa da ranakun da kwarara ta fi yawa. A wasu matatun ruwan sama yana tsinka ƙazantar ne har ratsawa ta ƙaru, a wasu kuma yana wanko laka daga tankunan kwantarwa, inda datti ke kwanciya a ƙasa, ta ragu. Wanda bai duba bayanan matatarsa ba ba zai san a wane rukuni yake ba.

Abu na biyu shi ne ɓarɓashin da ke yawo cikin ruwan. Yawansa yana da tasiri, amma girmansa ya fi, domin bakteriya kan maƙale a cikin manyan ɓarɓashi inda haske ba ya kaiwa. Ƙa'idojin da ake kira Ten States Standards a Amurka sun keɓe amfani da UV ga ruwan da ɓarɓashinsa bai wuce miligiram 30 a lita ba, mai ratsawa aƙalla kashi 65. Na uku shi ne sinadarin ƙarfe. Matatar da ke zuba gishirin ƙarfe don cire fosforas tana cutar da na'urar UV ta fuska biyu: ƙarfen yana shanye haske, yana kuma daskarewa a jikin gilashin da ke rufe fitilu ya zama ɓawo mai launin tsatsa. A auna taurin ruwan ma, tunda kalsiyam da magnesiyam su ma ɓawo suke yi. Na ƙarshe, a tattaro bayanan kwarara na shekarun baya: mafi yawa a cikin sa'a guda, da matsakaici, da mafi ƙaranci a tsakar dare. Ana yawan mantawa da na tsakar daren, alhali shi ke nuna iyakar da za a buƙaci na'urar ta iya rage ƙarfinta.

Mataki na uku: a binciki tsohuwar na'ura da abin da ke gabanta

Kafin a yanke wa tsohuwar na'ura hukunci, a ɗaga firam ɗaya, wato abin da aka jera fitilu a kansa, daga ruwa a duba shi a sarari. Idan kuben gilashin kwaz, irin gilashin da hasken UV ke iya ratsawa, da ke rufe fitila ya yi fari fat ko ja-ja, kuma asid bai mayar da shi garau ba, to gilashin ne ya gaji. A duba ƙarshen fitilun ko sun yi baƙi, a duba littafin aiki a ga sa'o'in da suka yi, a ga ko zoben magogi mai goge datti yana kama gilashin ko ya saki yana wucewa kawai. A yashe magudanar a duba ƙasanta: laka da ta kwanta a can, da gansakukar da ta yi gemu a bango, matsuguni ne na bakteriya, kuma idan suna bayan fitilun ne, su kaɗai sun isa su ɓata samfurin ruwan da ya riga ya sami cikakken haske.

Sau da yawa wannan binciken kan nuna cewa rabin matsalar ba ta fitilu ba ce. Rufe kwararon da ke zagaye da tankin kwantarwa don hana rana haifar da gansakuka, gyara yadda ake janye laka, sauya gishirin ƙarfe da alam ko matsar da inda ake zuba shi, da tilasta wa wata masana'antar rini ta tace ruwanta kafin ta sako shi, duk suna iya ɗaga ratsawa da maki da dama. Kowane maki da aka samu ta wannan hanya ragi ne a yawan fitilun da za a saya da wutar da za a biya har ƙarshen rayuwar na'urar. A ra'ayina, injiniyan da ya tsallake wannan mataki ya wuce kai tsaye zuwa zanen sabuwar na'ura bai yi wa masu matatar adalci ba.

Mataki na huɗu: a tsayar da kason haske

Ana aika samfurin ruwan matatar, wanda bai riga ya bi ta fitilu ba, zuwa ɗakin gwaje-gwaje don gwajin miƙaƙƙen haske. A can za a zuba ruwan a ƙananan faranta, a haska kowanne da kaso sananne, misali 5, da 10, da 20, da 40, da 80, sannan a ƙirga ƙwayoyin da suka rayu. Zanen da ke fitowa yana da siffa sananniya: da farko layin yana gangarowa da sauri yayin da bakteriyar da ke yawo a sake ke mutuwa, daga baya sai ya kwanta ya miƙe, domin waɗanda suka rage a cikin ɓarɓashi suke. Wannan wutsiyar ita ce abin dubawa. Idan ta kwanta a ƙasa da iyakar takardar izini, UV zai yi aikin. Idan ta kwanta a sama da iyakar, babu adadin fitilun da zai kai ruwan ga abin da ake so, sai an sa matattarar yashi ko ta ƙyalle ko ta tantani a gaba. A maimaita gwajin a lokuta daban-daban, har da ranar da ruwan ya fi muni.

Akwai lambobin da aka saba jingina da su. Ga ruwan matakin tacewa na biyu da za a zubar, Ten States Standards sun ambaci aƙalla 30 mJ/cm². Ga ruwan da za a sake amfani da shi, ƙa'idojin NWRI, wata cibiyar binciken ruwa ta Amurka, sun sa 100 bayan tacewa da yashi ko makamancinsa, 80 bayan tacewa da tantani, 50 kuma bayan tacewar da ke cire har narkakken gishiri. Yana da kyau a san cewa ƙwayoyin cuta ba ɗaya suke ba a gaban wannan haske: a jadawalin hukumar kare muhalli ta Amurka na 2006 don ruwan sha, 12 mJ/cm² ya isa ya kashe 999 cikin 1,000 na Cryptosporidium, ƙwayar cuta mai haddasa gudawa wadda kulorin ke shan wahala a kanta, amma ana buƙatar 186 don kashe 9,999 cikin 10,000 na bairas, saboda juriyar wani nau'in bairas da ake kira adenobairas.

Kason da aka tsayar dole ne na'urar ta iya bayar da shi a ƙarshen rayuwar fitila, gilashi kuma da ɗan datti, ba ranar da aka buɗe kwali ba. Shi ya sa ake ninka ƙarfin sabuwar fitila da ma'aunin tsufa da ma'aunin datti. Idan na tsufa 0.9 ne na datti kuma 0.9, abin da ya rage 0.81 ne, idan aka ɗauki 0.5 da 0.8, waɗanda NWRI ta ce a yi amfani da su in babu hujjar gwaji, sai ya koma 0.4. Wannan bambanci kaɗai yana ninka yawan fitilu, don haka kowace lamba da mai sayarwa ya kawo a nan sai ya haɗa ta da rahoton gwaji.

Mataki na biyar: irin fitila da fasalin na'ura

Fitilar zaiba mai ƙaramin matsi tana mayar da kusan sulusin wutar da ta ci zuwa haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Tsohuwar irinta ba ta da ƙarfi sosai, shi ya sa tsofaffin matatu ke da ɗaruruwa ko dubban fitilu. Sabuwar irinta mai amalgam, wato haɗin zaiba da wani ƙarfe, tana ba da haske ninki da yawa daga fitila ɗaya, ba ta damuwa sosai da sauyin zafin ruwa, tana kuma kaiwa sa'o'i 12,000 ko fiye, wato sama da shekara guda ta aiki ba tsayawa, tunda shekara sa'o'i 8,760 ce. Fitila mai matsakaicin matsi ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, tana cin wuri kaɗan, amma abin da take mayarwa haske mai amfani bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba, rayuwarta ta fi gajarta, kuma zafinta, wanda ke kai ɗaruruwan digiri, yana gasa ɓawo a jikin gilashi da sauri. Yawancin ayyukan sabuntawa a yau zuwa amalgam suke komawa, kuma in ba ƙarancin wuri ya tilasta ba, nan ne hankali ya fi kwanciya. Fitilun LED masu fitar da UV-C ba su da zaiba, amma har yanzu ba su kai fitilun zaiba cin moriyar wuta ba.

Game da fasali, akwai buɗaɗɗiyar magudana mai fitilu a kwance, ko a tsaye, ko a karkace, akwai kuma rufaffen bututu. Idan ruwan da kansa yake gangarowa kuma akwai magudanar kankare, buɗaɗɗiya ta fi sauƙi. Idan famfo ke tura shi, rufaffen bututu ya fi dacewa. Matatar da ke barin kulorin tana iya gina magudanar UV a cikin tsohon tankin kulorin, amma kada ta rushe dukkan kayan kulorin ɗin, domin za a ci gaba da buƙatar kaɗan don ruwan wanke-wanken matata da magance bakteriya masu zare a tankin da ake hura wa ruwan iska. Duk na'urar da za a zaɓa, ta zo da magogi mai aiki da kansa, wanda ya haɗa guga da sinadari in ruwan yana da ƙarfe ko tauri.

Mataki na shida: tafiyar ruwa a cikin magudana

A nan ne ayyukan sabuntawa da yawa ke tuntuɓe, saboda sabuwar na'ura ba lallai ta yi daidai da faɗi da zurfin tsohuwar magudana ba. Fitilun da aka jera kusa da juna suna tare ruwa, sai matakinsa ya tashi a gabansu. Dole a lissafa wannan tashin a ƙololuwar kwarara, a bi shi baya har zuwa bakin tankin kwantarwa a tabbatar ba zai nutsar da shi ba, sannan a bi gaba a tabbatar cewa kogin da ake zuba ruwan, idan ya cika, ba zai turo ruwa baya cikin magudanar ba. A auna magudanar da hannu. Kada a dogara ga tsohon zane, domin kankare ba kasafai yake fitowa yadda aka zana shi ba.

Matakin ruwa a kan fitilu yana da ƙunci ƙwarai. In ya sauka, fitilun sama su fito fili, su yi zafi, datti ya gasu a jikinsu, haske kuma ya watsu inda mutane ke tsayawa. In ya hau fiye da kima, sai a sami shimfiɗar ruwa a sama da ke wucewa ba tare da isasshen haske ba. Idan kashi 1 cikin 100 kawai na ruwan ya zille haka, to ko da sauran ya tsarkaka sarai, ba za a taɓa wuce kashe 99 cikin 100 ba: ruwan da ya shigo da 100,000 zai fita da 1,000. Hanyoyin riƙe matakin uku ne. Madatsa mai lanƙwasa-lanƙwasa ba ta da abin da ke motsi, don haka ba ta lalacewa, amma tana cin wuri. Ƙofa mai ma'aunin nauyi ba ta cin wuri, sai dai takan yi yoyo idan kwarara ta yi ƙasa sosai. Ƙofa mai inji ta fi daidaito, amma ta dogara ga wuta da na'urar awon mataki. Inda wuri ya samu, madatsar ta fi ba da kwanciyar rai.

A kuma bar miƙaƙƙen fili kafin rukunin fitilu na farko, ko a sa faranti mai huji-huji don ruwan ya shigo a baje maimakon ya ɗauki gefe ɗaya. Idan magudanai biyu ne ko fiye, a tabbatar ruwan yana rabuwa daidai, kuma kowace tana da ƙofar rufewa da mafitar yashewa. A tanadi rukuni ɗaya na ƙari, ta yadda za a cika kason da ake buƙata a ƙololuwar kwarara ko da rukuni guda yana hannun masu gyara.

Mataki na bakwai: wuta da sarrafawa

Ɗaukewar wuta na minti ɗaya yana nufin ruwan minti ɗaya ya fita ba a kashe ƙwayoyin cutarsa ba, fitilun kuma suna buƙatar 'yan mintuna kafin su koma cikakken ƙarfi. Don haka a haɗa na'urar da janareta, a sa wa kwamfutar sarrafawa batirin ko-ta-kwana, a kuma yanke tun yanzu abin da zai faru da ruwan a tsakanin: rufe ƙofa, ko karkatar da shi zuwa tankin ajiya. Balas, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga fitila, zafi ne babban abokin gabarta. Akwatin da ba ya samun iska ko sanyi zai riƙa ƙona su ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawan ribar wuta a sabuwar na'ura daga daidaita haske da buƙata take zuwa. Kwamfutar tana karanta kwarara, da ratsawa, da ƙarfin hasken da na'urar awo ke gani, sai ta rage ko ta ƙara ƙarfin fitilu, ko ta kashe rukuni guda. A sa mata jinkiri don kada ta riƙa kunnawa da kashewa a kai a kai, saboda hakan na gajarta ran fitila, kuma garantin masu ƙerawa yakan iyakance sau nawa za a kunna a rana. Idan wata na'urar awo ta daina aiki, tsarin ya koma cikakken ƙarfi da kansa.

Mataki na takwas: takardun kwangila

A rubuta abin da ake so na'urar ta yi, maimakon yawan fitilun da ake so: kaso kaza, a kwarara kaza, a ratsawa kaza, a ƙarshen rayuwar fitila, da rukuni ɗaya a kashe. A nemi rahoton gwajin da wani ɓangare mai zaman kansa ya yi wa ainihin samfurin na'urar, inda aka zuba bairas marar cutar da mutum, irin MS2 ko T1, aka auna abin da ya mutu. A duba cewa kwarara da ratsawar matatar suna cikin iyakokin da aka gwada, kuma tazarar fitilu ɗaya ce. A lura cewa kason da aka auna da MS2 da wanda aka auna da T1 ba sa kwatantuwa kai tsaye, don haka dukkan masu neman kwangilar su kawo lambobinsu a kan ma'auni ɗaya. Lissafin kwamfuta kawai, ba tare da gwajin ƙwayoyin halitta ba, ba hujja ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wajen kwatanta tayi, a haɗa kuɗin saye da na wuta, da fitilu, da balas, da gilashi, da lokacin ma'aikata na tsawon rayuwar na'urar, a kuma nemi alkawarin samar da kayan gyara a rubuce.

Mataki na tara: aikin gini ba tare da dakatar da matata ba

Ruwa ba ya daina zuwa don ana gini. Inda akwai magudanai biyu, a yi ɗaya, a gwada ta, a karɓe ta, sannan a taɓa ta biyu, kuma a zaɓi lokacin shekara da kwarara ta fi ƙasa. Inda ɗaya ce tak, sai an tanadi hanyar wucin gadi: na'urar UV ta haya, ko kulorin tare da sinadarin da ke cire shi kafin zubarwa, ko asid ɗin farasetik in hukuma ta yarda. A sami amincewar hukumar a rubuce kafin a kashe fitila ko ɗaya.

Mataki na goma: gwaji, karɓa da miƙa wa ma'aikata

A fara da gwajin busasshe na wayoyi, da ƙararrawa, da magogi, da makullin da ke kashe fitila idan aka ɗaga firam. Sannan a saki ruwa a duba matakinsa a ƙaramar kwarara da babba. A kashe wuta da gangan a ga yadda janareta da ƙofofi za su yi. Sababbin fitilu sukan yi kamar sa'o'i 100 kafin haskensu ya daidaita, don haka a jira kafin a ɗauki karatun da za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba. Gwajin karɓa ya ɗauki kwanaki a jere, ana ɗibar samfuri gaba da bayan fitilu, tare da rubuta kwarara, da ratsawa, da ɓarɓashi, da wutar da aka ci. Tunda fitilun sababbi ne, a rage ƙarfinsu zuwa abin da za su bayar a tsufansu, in ba haka ba kowace na'ura za ta ci jarrabawar. A ajiye samfurin a duhu da sanyi a kai shi ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i, domin wasu bakteriya suna iya gyara DNA ɗinsu idan suka sami hasken rana.

Ma'aikatan da za su riƙe na'urar su kasance a wurin tun lokacin gwaji, su sauya fitila da gilashi da hannunsu a gaban wakilin kamfani. A koya musu kama gilashin kwaz da safar hannu mai tsabta, tunda maiƙon yatsa yana barin tabo, da kwatanta na'urar awon haske da wata ta musamman da ake ajiyewa don wannan aiki kawai, da sauya fitila bisa sa'o'inta ko da tana ci, domin shuɗin hasken da ido ke gani ba shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta ba. Hasken UV-C yana ƙona fata da ido, zafin idon kuma sai bayan sa'o'i yake tasowa, don haka magudana ta kasance a rufe, mai aiki kusa ya sa garkuwar fuska da riga mai dogon hannu, kuma a kashe wuta a sa kwaɗo kafin a ɗaga firam. Tsofaffin fitilu suna ɗauke da zaiba, wadda Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta shafi yadda ake sarrafa shararta. A mayar da su cikin kwalayensu, a miƙa ga masu izinin karɓar irin wannan shara, a kuma ajiye kayan kwashe zaiba kusa da magudanar saboda ranar da fitila za ta fashe. Wannan ya haɗa da ɗaruruwan fitilun da za a ciro daga tsohuwar na'ura, don haka a rubuta a cikin kwangila wanda zai kwashe su da takardar shaidar da zai kawo.